Nargis, ƴar birnin da ta zama uwar manoman Indiya

Cikin dukan matan da suka yi wasan sinima a ƙasar Indiya, da wuya a sami wadda fuskarta ta zauna a ƙasar Hausa kamar fuskar Nargis, ko da ya ke da yawa daga cikin waɗanda suka san fuskar ba su riƙe sunan ba. Abin da suka riƙe shi ne wata mace, jikinta duk taɓo, ta saɓa garma tana ja a madadin sa, ƴan ƴaƴanta biyu na tura mata daga baya. Wannan ita ce Radha ta cikin fim ɗin Mother India, wanda aka fara nunawa cikin shekara ta 1957, wanda kuma da Faransanci aka san shi da suna Les Bracelets d'or, wato awarwaron zinariya. Amma matar da ta yi wannan wasa ba a ƙauye ta tashi ba, ba ta kuwa gaji noma ba. Haihuwar birni ce, girman birni, kuma daga irin gidan da masu ji da asali na zamanin ba su yarda ƴaƴansu su taka ba ta fito.

An haife ta a birnin Kalkata ran 1 ga watan Yuni na shekara ta 1929, aka raɗa mata suna Fatima. Mahaifiyarta, Jaddanbai, mawaƙiya ce ta gaske, daga cikin matan nan da a ke horarwa tun suna ƙanana da waƙa da rawa da iya magana, don su riƙa yi wa sarakuna da attajirai wasa a zaurukansu da dare. Matsayinsu ya yi kusa da na zabiya a ƙasar Hausa: ana nemanta ran biki, ana yi mata kyauta mai tsoka, ana haddace waƙarta, amma in aka zo maganar aure sai kowa ya kau da kai. Jaddanbai ta gaji sana'ar daga tata uwar, ta yi suna ƙwarai, har kamfanonin faifan garmaho suka ɗauki muryarta. Mahaifin kuwa ɗan masu arziki ne na garin Rawalpindi, Bahindu daga zuriyar malamansu. Yana cikin shirin tafiya Ingila karatun likita ya gamu da Jaddanbai, sai ya fasa tafiyar, ya musulunta, ya ɗauki suna Abdul Rashid, ya aure ta. Wannan aure shi ya raba shi da danginsa.

A wancan zamani sinima kanta ba ta fi zauren waƙa daraja ba a idon jama'a. Lokacin da Dadasaheb Phalke ya shirya fim ɗinsa Raja Harishchandra cikin 1913, wanda a ke lissafawa a matsayin fim na farko mai tsawo na ƙasar Indiya, bai sami macen da za ta yarda ta tsaya gaban na'ura ba, sai wani saurayi aka ɗaura wa zane ya fito a matsayin matar sarki. Da fim mai magana ya zo cikin 1931, sai aka shiga neman masu murya ido rufe, ƙofa ta buɗe wa mata irin Jaddanbai. Ita kuwa mace ce mai hangen nesa, ta lura zamanin zaurukan sarakuna ya fara shuɗewa. Ta shiga sinima, ta ƙaura da iyalinta zuwa Bombai, wadda yanzu a ke kira Mumbai, ta kafa kamfaninta na kanta, tana shirya fim, tana tsara kiɗansa, tana kuma fitowa a ciki. A fim ɗinta Talash-e-Haq na 1935 ta sa ƴarta, yarinya mai shekara shida. Sunan da yarinyar ta ci gaba da wasa da shi, Nargis, kalmar Farisanci ce, sunan wata fure ce fara mai ƙamshi.

Duk da haka Jaddanbai ba ta saki ƴarta ta zama ƴar titi ba. Ta sa ta makarantar ƴan mata ta Queen Mary a Bombai, inda ƴaƴan manya ke karatu, ita kuwa yarinyar burinta shi ne ta zama likita, wato ta ƙarasa abin da ubanta ya bari. Bai yiwu ba. Cikin 1943, tana da shekara 14, Mehboob Khan, ɗaya daga cikin manyan masu shirya fim na lokacin, ya ba ta babban matsayi a fim ɗinsa Taqdeer, ta fito tare da Motilal wanda ya kusa haifarta. Fim ɗin ya karɓu, karatu ya tsaya, ta zama mai ɗaukar nauyin gida babba. Marubucin nan na harshen Urdu, Saadat Hasan Manto, wanda ya san gidan a waɗannan shekaru, ya ba da labarin yadda matarsa da ƙannenta suka riƙa buga wa Nargis waya don wasa, ba tare da sun faɗi ko su wane ne ba, har abin ya zama ƙawance. Yarinyar da dubban mutane ke layi don su gani ta kasance tana ƙishin hira da ƴan mata irin na kowane gida.

Cikin 1947 Ingila ta bar Indiya, aka raba ƙasar biyu, aka fitar da Pakistan, aka yi kashe-kashe masu ban tsoro tsakanin Hindu da Musulmi da Sik, miliyoyin mutane suka bar gidajensu. Waɗansu ƴan wasa Musulmi, kamar mawaƙiya Noor Jehan, suka ƙaura Pakistan. Waɗansu kuma da ma da sunayen Hindu su ke wasa: Dilip Kumar sunansa na yanka Yusuf Khan, Meena Kumari kuwa Mahjabeen. Nargis ta zauna a Bombai da sunanta wanda kowa ya san daga inda ya fito. Shekara ta 1949 ita ce ta ɗaga ta sama da sauran. A cikinta Mehboob ya fitar da Andaz, inda ta tsaya tsakanin Dilip Kumar da Raj Kapoor, fim ɗaya tak da waɗannan zakaru biyu suka taɓa yi tare. A cikinta kuma Raj Kapoor ya fitar da Barsaat. A cikinta dai, cikin watan Afrilu, Jaddanbai ta rasu, ta bar ƴarta tana da shekara 19, ba mai tsawata mata, ba kuma mai tsare ta.

Daga nan har shekara bakwai rayuwarta ta ɗauru da ta Raj Kapoor. Fim 16 suka yi tare. Alamar kamfaninsa na R. K., wato namiji riƙe da goge irin na Turawa a hannu ɗaya, mace ta kwanta bisa ɗaya hannun, daga wani wuri na cikin Barsaat aka ɗauko ta, macen kuwa Nargis ce. A cikin Awaara na 1951 ta fito a matsayin Rita, lauya mai kāre wani ɓarawo a gaban alƙalin da shi ne ubansa bai sani ba. Mace mai ilmi, mai tsayawa a kotu ta yi gardama da maza, abin da ƴan kallo ba su saba gani ba. Fim ɗin ya ƙetare iyaka, ya yi tashe a Turkiyya da Sin, da aka nuna shi a Tarayyar Sobiyet cikin 1954 kuwa miliyoyin mutane suka kalle shi, su biyun suka tafi Masko aka tarbe su kamar shugabannin ƙasa. A cikin Shree 420 na 1955 ta zama Vidya, malamar makaranta ƴar talakawa, kuma waƙar da suka yi cikin ruwan sama ƙarƙashin laima ɗaya har yanzu Indiyawa ba su gaji da ita ba.

Abin da ke tsakaninsu bai tsaya ga aiki ba, kuma ba ɓoyayye ba ne a Bombai. Sai dai Raj Kapoor yana da mata tun 1946, da ƴaƴa, ba shi kuwa da niyyar rabuwa da su. A ƙasar Hausa da an ce ya ƙara aure a huta, amma dokar auren Hindu da majalisar Indiya ta kafa cikin 1955 ta haramta wa Bahindu mace ta biyu. Nargis ta ga shekarunta na tafiya, ta bar wa kamfanin wani ƙuruciyarta da sunanta, ita ba matar gida ba, ita ba mai rabo a dukiya ba, wato dai matsayin nan na matan zaure da uwarta ta yi ta faman fitar da ita daga ciki. Cikin 1956 suka yi Chori Chori. A cikin Jagte Raho na wannan shekara kuma ta fito na ɗan lokaci kaɗan a ƙarshen fim, da asuba, tana zuba wa wani baƙauye ruwa bayan ya kwana yana yawo cikin birni da ƙishirwa. Daga wannan ba ta sāke yin fim a kamfanin R. K. ba.

Ta koma wurin Mehboob Khan, wanda ya fara ɗaga ta. Shi kuwa yana da wani tsohon labari da ya taɓa yi cikin 1940 da suna Aurat, wato mace, yana so ya sāke shi da launi, da kuɗi masu yawa, don sabuwar ƙasa mai shekara goma da samun mulkin kai. Sunan da ya zaɓa ma martani ne: cikin 1927 wata Ba'amurkiya, Katherine Mayo, ta wallafa littafi mai suna Mother India, inda ta zana Indiyawa a matsayin mutanen da ba su isa su mulki kansu ba, ta kafa hujja da halin da matansu ke ciki. Mehboob ya ɗauki sunan ya juya shi. Ya nemi Nargis, mace mai shekara ashirin da ƴan kai wadda aka saba gani cikin tufafin birni, ta fara daga amarya ta ƙare a tsohuwa mai furfura, ta kuma zama uwar samari biyu sa'o'inta. Ƴan wasa mata da yawa da sun ƙi, gama wadda ta yarda ta zama tsohuwa sau ɗaya da wuya a sāke ba ta matsayin budurwa.

Labarin kansa ba shi da wuyar ganewa. Uwar ango ta ci bashin rufi 500 wurin Sukhilala, mai ba da kuɗi da ruwa, don ta yi wa ɗanta Shamu bikin kece raini, ta jinginar da gona, ta dangwala yatsa a takardar da ba ta iya karantawa ba. Da kaka ta yi sai ga Sukhilala da takardarsa, wai kashi uku cikin huɗu na amfanin gona nasa ne, kuma wannan duk ruwan kuɗi ne, uwar kuɗi na nan daram. Shamu da amaryarsa Radha suka shiga sāre wani fako mai duwatsu don su sami gonar da ba ta cikin jingina, sai wani ƙaton dutse ya danne masa hannuwa biyu, aka yanke su. Kunyar zama a ci da shi ta sa ya sulale da dare, ba a sāke ganinsa ba. Shanu suka tafi, awarwaron zinariya na aurenta suka tafi gidan mai bashi, uwar miji ta mutu, sa'an nan ambaliya ta zo ta share gari da amfanin gona. Cikin ƴaƴanta huɗu biyu suka rage, su ma yunwa na neman kashe su. A nan Sukhilala ya ce zai ba ta abinci in ta ba shi kanta. Ta je har gidansa, don uwa ba ta iya kallon ɗanta na mutuwa, amma ta fito da mutuncinta. Da mutanen gari suka ɗaura kaya za su yi ƙaura, ita ta tsaya ta roƙe su kada su bar ƙasar da ta ci da su, suka sauke kaya.

Yaran suka girma. Ramu mai haƙuri ne, Birju kuwa tun yana ƙarami ya ƙi yarda da lissafin Sukhilala, har ya zama ɗan fashi, ya dawo ya ƙone takardun bashi, ya kashe mai bashin, ya sungumi ƴarsa ran aurenta ya ɗora bisa doki. Radha ta riga ta yi alkawari ba za a keta mutuncin ƴar kowa a garin ba, ko da ƴar maƙiyinta ce. Ta ɗauki bindiga ta harbe ɗan da ta fi so, ya mutu a hannunta, awarwaron da ya ƙwato mata suna faɗowa daga jikinsa. A ƙarshe, tana tsohuwa, mutanen gari suka matsa mata ta buɗe sabuwar hanyar ruwa da gwamnati ta haƙa, ruwan ya gangaro gonaki ja wur kamar jini.

Fina-finan Indiya sun fara shigowa ƙasar Hausa ne tun cikin shekarun 1950. A Nijeriya ta Arewa ƴan kasuwa Kwarori, wato mutanen Labanan, su ke kawo su. A ƙasashen da ke ƙarƙashin Faransa kuwa kamfanoni biyu, COMACICO da SECMA, su ke riƙe da harkar, su su ke rarraba fina-finai a gidajen sinima marasa rufi irin na Yamai da Maraɗi da Damagaram, tun kafin kaset ɗin bidiyo ya kai su ƙauyuka. Ba fassara, ba mai jin harshen, amma mutane suka fi son su da na Amurka, saboda a cikinsu sun ga mata masu lulluɓi, da kunya tsakanin saurayi da budurwa, da auren da iyaye ke ƙullawa, da bikin da a ke kashe abin da ba a da shi. Masani Brian Larkin, wanda ya yi bincike a gidajen sinima na Kano cikin shekarun 1990, ya tarar har a lokacin Mother India na tara jama'a, alhali fim ɗin ya kusa shekara arba'in. Ba abin mamaki ba ne. Manomin Gamu ko na wani ƙauye na ƙasar Gure ba ya bukatar a bayyana masa wane ne Sukhilala, gama ya san mutumin da a ke zuwa wurinsa tsakiyar damina in rumbu ya ƙare, a karɓi hatsi da tiya, a biya da kaka fiye da abin da aka ci. Can ruwa ne ya yi yawa, nan kuwa ruwa ne ke ƙin zuwa, kamar yadda aka gani a farin 1973 da na 1984, amma abin da ke biyo baya iri ɗaya ne: maza su bi hanya neman abin da za su aiko, waɗansu su dawo, waɗansu shiru, gida da gona da yara su rage a wuyan mace.

Fim ɗin ba ya rasa aibi. Ya kusa awa uku, akwai wuraren da barkwancinsa ya yi tsawo, akwai inda kukan ya yi yawa, kuma mai tunani zai iya tambaya ko me ya sa ɗan da ya ƙi zalunci shi ne ya cancanci harsashi, mai haƙuri da zalunci kuwa ya gaji gona. Abin da ya riƙe shi shi ne Nargis. Ba ta yi tsufan da farin gari a ka kaɗai ba. Tafiyarta ta sauya, kafaɗunta suka ranƙwafa, muryarta ta dushe. A wurin da ta shiga gidan Sukhilala, jikinta na ɗigar laka, ƴan kallo ba su bukatar jin kalma ɗaya ta harshen Hindi kafin su san abin da ke yaƙi cikin zuciyarta.

Ana cikin ɗaukar wannan fim ne, a farkon 1957, a wani ƙauye kusa da Surat cikin ƙasar Gujarat, aka cinna wa tarin ciyawa wuta don wani wuri na labarin, sai iska ta juya, wuta ta kewaye Nargis. Sunil Dutt, saurayin da ke wasan Birju, ya faɗa ciki da bargo ya fito da ita, shi kuwa ya ƙone a fuska da ƙirji. Ita ta zauna jinyarsa. Shi ba kowa ba ne a lokacin: ɗan gudun hijira ne daga yankin Jhelum da ya faɗa cikin Pakistan, wanda wani Musulmi abokin ubansa ya tsirar da danginsa lokacin kashe-kashen 1947, ya yi aikin akawu a kamfanin motocin haya na Bombai, ya yi hira da ƴan wasa a Rediyo Silon, kafin ya shiga fim. Kwana biyar kacal ta girme shi. Suka yi aure ran 11 ga Maris 1958, ba tare da shagali ba. An daɗe ana ɓoye maganar, don Mehboob na tsoron kada ƴan kallo su ji uwa za ta auri ɗanta su ƙaurace wa fim ɗin. Auren kuma ya haɗa gidan Musulmi da gidan Hindu shekara goma sha ɗaya bayan rabuwar ƙasa, ya jawo surutu ta kowane gefe.

Shekara ta 1958 ta zo mata da girma iri iri. Mother India ya zama fim ɗin Indiya na farko da ya kai zagayen ƙarshe na kyautar Oscar ta Amurka a sashen fina-finan ƙasashen waje, ko da ya ke wani fim na Federico Fellini ɗan Italiya ya cinye. A bikin sinima na Karlovy Vary, a ƙasar Cakoslobakiya ta lokacin, aka zaɓe ta gwanar ƴan wasa mata. Gwamnatin Indiya ta ba ta lambar girma ta Padma Shri, tana cikin ƴan wasan sinima mata na farko da suka samu. Ana tsammani yanzu za ta fara cin moriyar suna, sai ta ƙarasa fina-finan da ta riga ta karɓa, irin su Lajwanti da Adalat, ta koma gida, tana da shekara 29.

Jama'a a ko'ina ba su cika raba ɗan wasa da rigar da aka sa masa ba, kuma Nargis ta ci ribar wannan: tun daga 1957 aka daina ganin ƴar Jaddanbai, Radha a ke gani. A Nijar an ga ɗaya fuskar al'amarin. Zalika Souley, wadda ta fara wasa a fim ɗin Moustapha Alassane Le Retour d'un aventurier cikin 1966, ta kuma fito a matsayin mace mai zafin kishi a Le Wazzou polygame na Oumarou Ganda, fim ɗin da ya ci babbar kyautar bikin FESPACO a Wagadugu cikin 1972, ta sha zagi da tsangwama a titunan Yamai saboda irin matan da a ke sa ta kwaikwaya. Sai da Rahmatou Keïta ta shirya fim a kan rayuwarta mai suna Al'lèèssi kafin da yawa suka tuna abin da ta yi wa ƙasarta. Ta rasu cikin 2021. Gwaninta ba ta rasa ba, matsayin uwa tagari ne ba a cika ba ta ba.

Nargis ta haifi ƴaƴa uku, Sanjay cikin 1959, sa'an nan Namrata da Priya. Zaman gida bai hana ta motsi ba. Ita da mijinta suka kafa ƙungiyar wasanni ta Ajanta, suna kwasar mawaƙa da ƴan wasa zuwa sansanonin soja na kan iyaka, har cikin duwatsu masu ƙanƙara, bayan yaƙin 1971 kuma suka je Dakka suka yi wasa a sabuwar ƙasar Bangaladash. A fim ɗin mijinta Yaadein na 1964 inuwarta kaɗai aka gani. Sau ɗaya ta koma da gaske, a Raat Aur Din na 1967, inda ta yi wasan matar aure mai taɓin hankali, da rana mace mai kamun kai, da dare wata dabam. Da wannan ta zama mace ta farko da ta karɓi kyautar gwamnati ta gwanar ƴan wasa. Daga 1973 ta zama uwar ƙungiyar nan ta Bombai mai kula da yaran da aka haifa da lahani a ƙwaƙwalwa wanda ke hana gaɓoɓinsu aiki daidai, ta sa sunanta da ƙafarta wajen nema musu makaranta da kuɗi. Likitancin da bai samu ba, ta nan ta ɗan rama.

Cikin Afrilu 1980, zamanin mulkin Indira Gandhi wadda ta ke kusa da ita, aka naɗa ta a Rajya Sabha, wato majalisar dattawan Indiya, cikin kujeru 12 da shugaban ƙasa ke bai wa waɗanda suka yi fice a ilmi da fasaha da hidimar jama'a. Jikar matan zaure ta zauna inda a ke yi wa ƙasa doka. Zamanta a can bai yi tsawo ba, abin da aka fi tunawa da shi kuwa bai ƙara mata daraja ba. Ta tashi ta soki Satyajit Ray, babban mai shirya fim na ƙasar Bengal, wanda Pather Panchali nasa na 1955 ya sami kyauta a bikin Cannes a Faransa, tana zarginsa da tallan talaucin Indiya ga Turawa don neman kyaututtuka. Masana sinima suka yi mata ca. Gardamar ba baƙuwa ba ce ga mutanen Sahel, waɗanda suka ga hotunan ƴaƴansu masu kumburin ciki a jaridun Turai lokacin fari, suka rasa ko su gode ko su ji haushi. Sai dai daga bakinta zargin bai zauna ba, gama babu fim ɗin da ya nuna wa duniya yunwar ƙauyen Indiya kamar nata. Bambancin kawai shi ne Mehboob ya rufe nasa da hanyar ruwa da motocin noma, Ray kuwa ya bar mutanensa bisa amalanke suna barin gari.

A farkon watan Agusta na 1980 ciwo ya kama ta a Delhi ana cikin zaman majalisa. Da fari an ɗauka shawara ce, da aka bincika sai aka tarar ciwon daji ne a gaɓar nan ta bayan tumbi mai taimakon narkar da abinci da daidaita sukarin jiki. Sunil Dutt ya kai ta babban asibitin ciwon daji na Sloan-Kettering a birnin Niyok, aka yi mata aiki ba sau ɗaya ba, ta yi dogon suma, ta farfaɗo, aka komo da ita Bombai a farkon 1981. Abin da ta ke fata shi ne ta ga fim na farko da ɗanta Sanjay ya ja, mai suna Rocky, wanda ubansa ya shirya. Ta rasu ran 3 ga Mayu 1981 a asibitin Breach Candy, saura ƴan makonni ta cika shekara 52. Aka binne ta a babbar maƙabartar Musulmi ta Bombai. Bayan ƴan kwanaki aka buɗe fim ɗin, aka bar kujera guda ba kowa a kanta.

Sanjay ya zama babban ɗan wasa, samarin Kano har suka yi masa laƙabi da Ɗan daba mai lasin. Namrata ta auri ɗan Rajendra Kumar, wanda ya yi wasan Ramu, Birju da Ramu suka zama surukai. Sunil Dutt bai sāke aure ba. Ya shiga siyasa, ya rasu cikin 2005 yana ministan matasa da wasanni, Priya ta ci kujerarsa ta majalisa a bayansa. Tun farkon shekarun 1980 ya kafa gidauniya da sunan matarsa don taimakon masu ciwon daji, yana yawo ƙasashe yana tara kuɗin sayen kayan asibiti. Akwai kuma asibitin ciwon daji mai sunanta a Barshi, wani gari na manoma cikin jihar Maharashtra inda ruwan sama ba ya da tabbas, kuma a nan ne cikin 1987 aka fara rubuta lissafin masu wannan ciwo a ƙauyukan Indiya.